Yadda zaka gane jar gansakukar da ke manne a duwatsun teku, har ka san danginta

Ranar farko da na sauka kan duwatsun bakin teku kusa da Takoradi a Gana, ruwa ya janye, wallahi na ɗauka fenti aka zubar. Duk gindin duwatsun, daidai inda igiyar ruwa ke dukansu, ya rine da ruwan hoda, wani wurin har ya koma shunayya, na sa farce na kankara ko gezau, tauri kamar an shafe da siminti. Ashe abu ne mai rai. Gansakuka ce, sai dai ita ja ce, a teku take zaune, kuma ta cika bangon kowace ƙwayar halittarta da sinadarin alli har ta zama kamar dutse. Mu da muka taso a tudu ba mu da suna nata, to ni dai ɓawon dutse nake ce mata, da shi kuma zan ci gaba.

In ta ruɗe ka kar ka damu, ta ruɗi manya kafin kai. Linnaeus, masanin da ya kafa tsarin raɗa wa halittu sunayen kimiyya, da kansa cikin dabbobi ya jera danginta tare da murjani, sai a 1837 wani Bajamushe mai suna Philippi ya nuna cewa tsiro ne, shi ne ma ya raɗa sunayen Lithophyllum da Lithothamnium, wato ganyen dutse da 'yar bishiyar dutse. Bayansa Mikael Foslie, mutumin Norwe, ya raɗa ɗaruruwan sunaye kafin ya rasu a 1909, yawanci da kallon siffar waje, kayan da ya tara suna nan ajiye a Trondheim har yau. To a nan gizo ke saƙar, domin iri guda zai kwanta sumul a inda ruwa ke da ƙarfi, ya yi ƙuraje-ƙuraje a wani wurin, ya fitar da gajerun rassa a inda ruwa ya lafa, sai kaga abu ɗaya ya tashi da suna uku. Haka aka wayi gari sunayen da aka raɗa sun haura 1,600, da yawansu maimaici ne. Saboda haka tun kafin ka ɗauki jaka ka sa wannan a ranka: launi da siffar waje ba su isa shaida ba. Mataki-mataki ake bi, kuma inda shaidarka ta ƙare nan sunanka zai tsaya.

Fara da zaɓen rana. Ruwan teku ya fi janyewa sau biyu a wata, wajen tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata, kaga mai bin lissafin watan Musulunci ya riga ya huta. Duba jadawalin hawa da saukar ruwa a waya, ka isa wurin awa ɗaya kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa. A gaɓar Gana hawa da saukar bai cika kai mita 2 ba, filin aikinka siriri ne, lokacinka kuma gajere. Duwatsun Elmina da Takoradi suna da kyau, haka baƙaƙen duwatsun Limbe a Kamaru. Legas kam yashi ne ya fi yawa, sai duwatsun da aka jibge a bakin mashigar jirage. 'Yan'uwanmu na Fot Sudan kuwa ruwansu kusan ba ya janyewa, sai dai su sa gilashin ninƙaya su leƙa tudun murjani, amma abin da za su gani ya fi namu yawa nesa ba kusa ba, kuma in wurin killatacce ne irin Sanganeb sai da izinin hukuma.

Don Allah ɗan'uwa, kar ka je kai kaɗai, kuma kar ka juya wa teku baya. Igiyar gaɓar nan tana zuwa ne ba sallama. Sa takalmi mai kauri saboda bushiyar teku, ƙayarta in ta karye a tafin ƙafa sai ka yi kwanaki kana ɗingishi.

Kayan aiki ba su da yawa: madubin hannu mai ƙara girma sau 10, hama da ƙaramar cizil, wuƙa, ruwan khal a 'yar kwalba, ledoji masu zif, rula, takarda da fensir, domin biro na zuba in ya jiƙe. Sai ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake samu a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi, amma ka nemi mai yawa a shagon kayan gwaje-gwaje.

Kana isa, kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto da rula a gefe. Rubuta ko a rana take ko a ƙarƙashin dutse, ko kan dutse take ko kan ƙwaryar katantanwa ko kan wata ciyawar teku, sannan ka lura da bakin ɓawon, manne yake ƙam ko a ɗage, yana da farin layi ko babu. Launin nan ba ya jira, da ta bushe zai fara kodewa, wadda ta mutu kuma fara fat take komawa kamar alli. Jan ya samo asali ne daga wani sinadari, fikowiritirin, da ke kama shuɗin haske da kore, irin hasken da ke iya ratsa ruwa mai zurfi. Shi ya sa ake samunta a inda sauran tsirrai suka gaza. A 1984 Mark Littler da Diane Littler sun shiga ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa a gefen tsibirin San Salvador na Bahamas, suka tarar da ita tana raye a zurfin mita 268, wurin da in kai ne zaka ce dare ne.

Gwajin farko shi ne na khal. Kankaro ɗan ɓarɓashi da bakin wuƙa, ka sa a murfin kwalba, ka ɗiga khal. Kar ka ɗiga a kan dutsen kai tsaye, domin in dutsen na farar ƙasa ne ko akwai ɓawon katantanwa a ƙasa, shi zai yi kumfa ya yaudare ka. In ɓarɓashin ya fara fitar da ƙananan kumfa kamar ɓawon ƙwai da aka jefa a khal, to akwai alli a jikinsa. In shiru, ka fita daga dangin masu alli gaba ɗaya. Wadda zaka fi haɗuwa da ita cikin marasa alli ita ce Hildenbrandia, siririya ce ƙwarai, ja mai duhu kamar jinin da ya bushe, ta manne har ba ta ɓantaruwa sai dai a kankare ta, tana jure rana da bushewa shi ya sa take hawa sama da sauran, akwai ma irinta a ƙoramun ruwan daɗi na Turai. In kuma launin ƙasa-ƙasa ne kamar ganyen taba, wataƙila Ralfsia ce, ita kuwa ba ma ja ba ce, wani dangi ne daban can nesa.

Akwai mai tsaka-tsaki, Peyssonnelia. Ita zaka ganta kamar ƙananan mahutai sun hau kan juna, ja mai duhu, da layuka masu zagaye, inuwa take so, in ka sa wuƙa a bakinta sau da yawa tana ɗagowa domin wasu siraran gashi ne suka riƙe ta. Juya ta, zaka ga fari-fari a ƙasa, allinta ke nan, amma nau'insa aragonait ne, alhali ainihin dangin ɓawon dutse wani nau'in alli, kalsait mai magniziyam, suke ginawa a cikin bangon ƙwayoyinsu. Tana ɗan kumfa a khal, saman jikinta kuma da ɗan laushi.

Wani abin mamaki da ya kamata ka sani ko da ba zaka gamu da shi a ruwanmu mai ɗumi ba: a gaɓar ƙasashe masu sanyi akwai wani baƙin ɓawo kamar kwalta da aka daɗe ana kira Petrocelis, sai a farkon shekarun 1970 John West a Kalifoniya ya shuka ƙwayar irinsa a ɗakin gwaji, ta tsiro ta zama ciyawar teku mai ganye, wadda yau ake kira Mastocarpus. Ashe abu ɗaya ne a zango biyu na rayuwarsa. Kaga ke nan ko kasancewa ɓawo ma ba dangantaka ba ce, salon zama ne kawai da dangi daban-daban suka ɗauka.

To mu ce ɓawonka ya yi kumfa sosai, da tauri sama da ƙasa. Duba kewaye, akwai rassa masu gaɓoɓi da ke lanƙwasa in ruwa ya taɓa su? Corallina da Jania da Amphiroa haka suke, kuma wasunsu da ɓawo suke farawa a gindi, kar ka ɗebo gindin Corallina ka ce ka samo sabon abu. Da can malamai sun raba gidan biyu, masu gaɓa da marasa gaɓa, amma binciken ƙwayar gado, wato DNA, ya rushe wannan rabon, ya nuna Amphiroa mai gaɓa ta fi kusa da Lithophyllum mara gaɓa fiye da yadda take kusa da Corallina.

Yanzu sai wurin da ni na fi so, kuma wurin da mutane suka fi faɗawa rami. Ciro madubin hannu, kawo shi dab da idonka, ka matso da dutsen har ya fito sarai, rana tana haskowa daga gefe. Zaka ga wasu ƙananan tuddai, yawancinsu ba su kai milimita 1 ba, wasu kuma a binne suke sai bakin kawai. Ɗakunan haihuwa ne, ni rumbu nake ce musu domin in aka yanka ta tsakiya kamarsu ɗaya da rumbun ƙasa. Kalli rufin da kyau. In ƙofa ɗaya ce a tsakiya kamar bakin tulu, rubuta. In ƙofofi ne birjik kamar rariya, rubuta. In kuma babu rumbu sam, sai wani fili mai ɗigo-ɗigo inda kowace jakar iri ke da nata ɗan ɗaki na alli, rubuta wannan ma.

Da waɗannan ukun ake raba manyan gidaje. Rufin rariya na gidan Hapalidiales ne, wanda aka ware a 2015, a ciki akwai Lithothamnion da Phymatolithon da Mesophyllum da Clathromorphum. Ɗakuna ɗai-ɗai na gidan Sporolithales ne, an ware shi a 2010, Sporolithon ce shugabarsa. Ƙofa ɗaya kuma ta gidan Corallinales ce, irin su Lithophyllum da Porolithon da Hydrolithon da Neogoniolithon.

Amma tsaya tukunna, ga ramin. Rayuwar waɗannan halittu zango uku ce. Akwai namiji da mace, namijin yana sakin ƙwayoyinsa a ruwa, ba su da wutsiyar iyo, ruwa ne kawai ke kai su ga wani siririn gashi da ya leƙo daga rumbun macen. In an dace, wani ƙaramin zango zai girma a cikin rumbun macen ya saki nasa irin, irin ya faɗi ya tsiro ya zama ɓawo na uku, mai fitar da iri huɗu-huɗu a jaka, su kuma su koma su zama maza da mata. A ido duk kamarsu ɗaya. Kuma rumbun namiji da na mace ƙofa ɗaya gare su a duk gidajen nan. Ma'ana, in ka ga rariya ka kusa gamawa, amma in ka ga ƙofa ɗaya ba ka tabbatar da komai ba sai ka leƙa ciki ka ga jakar iri mai huɗu ce. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta Lithophyllum da ƙarfin gwiwa alhali macen Mesophyllum ce a hannunsa. Shi ya sa nake cewa ka ɗan zagaya ka nemi ɓawo fiye da ɗaya, in Allah ya sa ka dace da mai iri huɗu. Yadda jakar ta rabu ma shaida ce: a Sporolithon kamar an yanka lemo gida huɗu, a sauran gidajen biyu kuwa kamar rake mai gaɓa huɗu a jere.

In zaka sara, sari kaɗan, girman kwalin ashana ya isa, ka haɗa da bakin ɓawon da wurin da rumbuna suke. Ina jaddada kaɗan ne saboda abin nan ba ya saurin girma. A gaɓar Biritani ta Faransa akwai irin da ba ya manne da dutse, yana kwance a ƙasan teku kamar tsakuwa mai rassa, can suna ce masa maerl, girmansa a shekara wajen milimita 1 ne ko ƙasa da haka, manoma sun daɗe suna barbaɗa shi a gona don rage tsamin ƙasa, da aka koma kwasarsa da manyan jirage sai filayen suka lalace har aka hana. A gaɓar Abrolhos ta Barazil irin waɗannan dunƙulallu sun shimfiɗu a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 20,900, ya ɗan fi jihar Kano. A ruwan sanyi na arewacin Kanada kuma an samu Clathromorphum da ta shekara 646, ana ƙirga layukan jikinta kamar na kututturen bishiya, ana karanta tarihin ƙanƙarar teku a ciki.

Raba abin da ka saro kashi biyu tun a bakin ruwa. Kashi ɗaya ka goge shi da tsohon buroshin haƙori, ka tsane da tsumma, ka jefa a leda da silika mai yawa, wannan na ƙwayar gado ne. Ɗayan kuma na yanka. Ni na yi wannan kuskuren sau ɗaya kuma har yau yana min ciwo: na zuba duk abin da na tara na kwana uku a fomalin, ruwan adana samfur, saboda haka na ga ana yi a ɗakin gwajin da nake, da aka zo ciro ƙwayar gado babu abin da ya fito mai amfani, fomalin ya lalata ta. Shikenan, sai jiran wata tafiyar.

A ɗakin gwaji, jiƙa guntun yankan a ruwan asid mai rauni har kumfa ta tsaya, zai yi laushi kamar fata. Yanka shi siriri daga sama zuwa ƙasa da sabuwar reza, ɗiga rinin shuɗin anilin, ka sa a madubin likita. Abin da zaka gani zare-zare ne na ƙwayoyi a jere, manne da juna kamar tubalin gini, wasu sun kwanta a gindi, wasu sun miƙe sama, sannan layin fata a can bisa. Dab da ƙasan fatar nan ne ƙwayoyin da ke rabuwa suke, wato wurin girma a ɓoye yake, shi ya sa katantanwa ko bushiyar teku ko kifin aku za su kankare sama ba tare da sun kashe ta ba. Gaskiya ma kiwon yana mata amfani, yana share korayen ciyayi da za su rufe ta. Wasu irin kuma da kansu suke yin saɓa kamar maciji, fatar sama ta ɓare fara-fara ta tafi da duk abin da ya maƙale.

Abin da zaka nema shi ne yadda zare ke gaisawa da zaren da ke maƙwabtaka da shi. In wata 'yar toshiya ce kamar ɗigo tsakanin ƙwayoyin biyu, ka nufi Lithophyllum da 'yan'uwanta irin Titanoderma. In kuwa bangon ya narke ƙwayoyin biyu sun zama ɗaki ɗaya, to Porolithon ko Hydrolithon ko Neogoniolithon, haka ma duk gidan rariya. Sporolithon tana iya nuna duka biyun. Sannan duba ƙwayoyin fata, in samansu ya baje kamar bakin kakaki, kuma rufin rumbu rariya ne, Lithothamnion ce. In ka ga manyan ƙwayoyi masu gashi sun taru a jere kamar an dasa su a fili guda, ka yi zaton Porolithon. Haɗa wannan da abin da ka gani a rufin rumbu, yawanci zaka kai ga sunan jinsi, wato suna na farko.

Porolithon ɗin nan ka riƙe sunanta, musamman in kana Bahar Maliya. Ita ce ke gina kafaɗar tudun murjani a inda igiya ta fi duka, wurin da murjani mai rassa zai kakkarye, tana like ɓaraguzai kamar siminti. Kuma 'ya'yan murjani, lokacin da suke yawo a ruwa suna neman mazauni, ƙamshin sinadarin wasu irin ɓawon ne ke sa su sauka, Titanoderma na cikin waɗanda suka fi so. Abin da ke tayar min da hankali shi ne kalsait mai magniziyam ya fi sauran alli saurin narkewa in ruwa ya yi tsami. A tsibirin Iskiya na Italiya akwai inda iskar kabon ke ɓuɓɓugowa daga ƙasan teku tana sa ruwan ya yi tsami, binciken da aka buga a 2008 ya nuna kana matsowa kusa da wurin ɓawon ruwan hodan nan yana raguwa har ya ɓace. Irin wannan iskar, da ke fita daga man da muke ƙonawa, ita ce teku ke sha yanzu.

Sunan iri kuwa, wato suna na biyu, nan ne zan ce ka yi haƙuri. Shekara da shekaru duk ɓawon da ya yi kama a tekunan zafi ana ce masa Porolithon onkodes, da aka karanta ƙwayar gadon samfurin asali aka gwada da sauran, a 2018 aka bayyana cewa iri ne aƙalla 20 ke ɓoye a ƙarƙashin suna ɗaya. Yanzu ƙa'ida ita ce a karanta guntayen gado irin psbA da rbcL, a gwada da na ainihin samfurin da aka raɗa wa sunan, ko da ya shekara 100 a kabad. Gaɓar Afirka ta Yamma tana buƙatar wannan aikin sosai, George Lawson da David John sun yi babban aiki a kan ciyayin tekunmu tun daga Gana, amma a zamanin da ba a fara karanta ƙwayar gado ba, saboda haka ɗan guntun da ka adana a silika da cikakken bayani yana da daraja fiye da yadda kake zato.

A takardar samfur rubuta da fensir: wuri, lambobin taswira daga waya, kwanan wata, zurfi ko matsayi a gaɓa, abin da take manne a kai, launinta tana jiƙe, da sunanka. In jinsi kawai ka kai, rubuta misali Lithophyllum sp., wato ba a san irin ba, ka tsaya nan. In rariya kawai ka gani, rubuta Hapalidiales. Sa takarda ɗaya a cikin ledar, ɗaya a waje, ka canza silikar washegari in ta jiƙe. Duk dutsen da ka juya kuma ka mayar da shi yadda ka same shi kafin ruwa ya dawo, domin ɓawon da ya saba da inuwa in ya wuni a rana fari zai koma.